Motar Hoto

A unguwar Hammadu Kafi da ke Gombe, motar tsere ta fi yawa a cikin waya fiye da kan kwalta. Ba laifin kowa ba ne. Ferrari da Lamborghini a Italiya aka ƙera su, cikinsu na shafar ƙasa. Kawo ɗaya Gombe ka gani, tudun rage gudu na farko zai tambaye ta wa ya aiko ta, tun kafin damina ta gindaya nata sharaɗin.

Shi ya sa masu sha'awar suka sassauta, suka koma kan Marsandi 'yar Kwatano. Sai ga Mayun 2023, aka cire tallafin mai. Tun daga nan mota ta shiga kulle: a wanke ta da safe, a goge, a jingina da ita a ɗau hoto. Mai ita ya ɗauka, ƙaninsa ya ɗauka, yaron wanki ma ya ari makulli ya riƙe yadda zai fito sosai a Facebook.

Dillali ne ya tsinci dami a kala. Wannan ya sayar, wancan ya saya, la'ada na shiga aljihu, mota ko taku ɗaya ba ta yi ba. In sabon mai ita zai je Jekadafari, Keke Napep yake tsarewa.