Amfilifaya Mai Akwati Biyu da Ragon Uwargida

Amfilifaya na'ura ce da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, kuma aikinta kashi biyu ne. Kashin farko, wanda masu gyara ke kira firi'am, shi ke karɓar 'yar siginar da ta fito daga makirfo, wadda ba ta wuce 'yan milibolt ba, ya ɗaga ta zuwa kusan bolt 1. A nan ake zaɓen abin da za a saurara, a nan kuma maɓallin rage murya yake. Kashi na biyu, wato fawa, ba ya shawara da kowa. Duk abin da aka miƙa masa tura shi yake yi cikin lasifika mai om 4 ko 8.

Akwai amfilifayar da ta haɗa kashin biyu a akwati ɗaya, kamar Ahuja ta Indiya da ake gani a masallatan Arewa. Ta fi araha, wayoyinta kaɗan ne. Akwai kuma mai akwati biyu, wadda ke nesanta ƙaramar sigina daga babbar taransifomar fawa don a rage gurnani. Sai dai fawar irin wannan sau da yawa maɓalli ɗaya gare ta, na kunnawa da kashewa.

An gwada tsari na biyu kwanan nan a Kaugama, ƙasar Haɗeja, a gidan wani magidanci da babu buƙatar a faɗi sunansa, don unguwa ta riga ta haddace shi. Ya sayo kayan na hannu daga Kano. Firi'am ɗin na Amurka ne, mai shan bolt 120, alhali wutar Najeriya 230 ce, sai aka jingine shi har a samo taransifomar rage wuta. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci surukinsa ya iso daga Malam Madori, zaure ya cika. Aka ta da janareta, aka jona wayar hannu kai tsaye a jikin fawa. Wayar hannu kan fitar da abin da ya kusa bolt 1, wanda ya isa ya sa fawa ta buɗe baki iya ƙarfinta.

Don ya tabbatar da ramin da ya jona, maigidan ya buɗe saƙon murya da mai shago ya aiko masa ta WhatsApp. Muryar ta fito har kwanon rufi ya amsa: "Malam, ja a ja, fari a fari." Jama'a suka yi kabbara. To, WhatsApp yana da wata ɗabi'a: in saƙonnin murya suna jere, da na farko ya ƙare na biyu kan biyo baya da kansa.

"Sannan Malam, maganar cikon kuɗin nan. Ka ce in Hajiya ta tafi biki za ka kai ragonta kasuwa."

Hannun maigidan ya kai kan fawa yana laluben maɓallin rage murya, ya shafa dama, ya shafa hagu, ƙarfe ne sumul. Maɓallin yana can jikin firi'am a ƙarƙashin gado. Ya koma kan waya, babban yatsa ya danne gefen da ke ƙarawa.

"In kuma ragon bai yi kuɗi ba, ai ka ce surukin naka in ya sayar da riɗi ba ya ƙirga canji."

A nan ne aka fizge wayar wuta daga soket. Abin sani shi ne, babbar fawa tana da manyan kafasito masu ajiye wuta, kuma wasu kan ci gaba da magana na 'yan daƙiƙoƙi bayan an cire su. Wannan tana cikinsu. Maigidan yana tsaye da filogi a hannu ya ɗaga shi sama kowa ya shaida, muryar kuwa tana dusashewa a hankali: "...ka ce dattijon barci yake yi a kan buhu..."

Tun daga kabbarar farko wani tsoho maƙwabci yake ba da shawara. Da aka ambaci rago, ya ce a juya lasifikar ta kalli bango. Bayan bangon nan kuwa tsakar gida ce, inda sautin daka ya tsaya cak. Da aka zo kan riɗi, ya ce a lulluɓe ta da bargo, shi haka yake wa rediyonsa in ta yi gardama. Da ta ci gaba da magana babu wuta, ya ja tabarmarsa baya, ya ce a kira liman.

Surukin ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Malam, wane dattijon?"

Tsohon ya riga kowa amsawa: "Alhaji, kada ka kula ta. Baƙuwa ce, sai ta kwana uku za ta saba da mutanen gari."