Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Nahawun Turanci

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka na Ingila da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka, na rubuto ne a madadin ɗaliban da kake hana barci duk lokacin da jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato. Ka san ba a shiga jami'a a Najeriya sai da kiredit ɗinka. Yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya, sai ka tare shi a bakin ƙofa don ya manta da "s" a ƙarshen aikatau. To, tunda gadin ƙofa ka zaɓa, bari mu ma mu leƙa cikin gidanka.

Haruffa 26 gare ka, sautukanka kuwa sun haura 40, ka bar yara suna ta canki-canka. Ɗauki "ough" kaɗai: furucinsa daban a "though", daban a "through", a "cough" kuma har da "f" a ƙarshe. Mun bi salsalarka, ranka ya daɗe. A 1066 Normawa suka ci Ingila da yaƙi, suka jibga maka kalmomin Faransanci. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster, rubutu ya fara daskarewa alhali bakin mutane bai daina sauyawa ba. Shi ya sa harafin "k" yake zaune a "knife" ba aikin fari bare na baƙi. Da can ana furta shi, an sallame shi tuntuni, ya ƙi barin ofis. Shi kuwa "b" na "debt" malamai ne suka cusa shi don a san kalmar jikar Latin ce. Rikicin kakanninka ya zama doka, namu kuma sai jan biro. Laifi tudu ne.

Ba na ce Hausa waliyyiya ce ba. Mai cewa akuya ɗaya, awaki goma, ba shi da bakin yi wa "child" da "children" dariya. Amma ko ba komai mu mun raba kai da ke da ku. Kai ka yar da "thou" ɗinka, yanzu da "you" ɗaya tal kake kiran sarki da jariri.

Inda ka fi ba ni haushi shi ne cikin aji. Bahaushe bai tashi da bambancin "p" da "f" ba, kowa ya sani. Yarinya ta ɗaga hannu, ta san amsa sarai, ta miƙe za ta ce "people", bakin ya zame, aji ya kwashe da dariya, wani lokaci har da malamin. Ta zauna ta sunkuyar da kai, ta ja hijabi ta rufe baki. Ƙila har ta gama sakandare hannun nan ba zai sake tashi ba. Kuskuren nan, atisayen mako biyu zai gyara shi. Tsoron da aka dasa mata kuwa sai Allah.

Duk da haka ba yaƙi muka zo yi ba, sulhu muke nema. Mun yarda za mu riƙa cewa "he goes" da "they go". Mun yarda idan "did" ya shigo, ya riga ya ɗauke nauyin lokacin da ya wuce, ba sauran "did you went". Za mu daina liƙa wa "information" da "furniture" da "advice" wutsiyar jam'i, tunda ka ce ba a ƙirga su, ko da yake kafinta kullum ƙirga kujerunsa yake yi. Za mu raba "borrow" da "lend", duk da cewa a wurinmu aro aro ne. Za mu karanta littattafai da jaridu, mu saurari labarai a rediyo, don a nan ake kama ka, ba a haddar dokoki ba.

Kai kuma ga naka sharaɗin. Ka ja kunnen dogaranka, tun daga masu bulala a aji har masu farautar kuskuren mutane a Facebook, waɗanda da yawansu ba za su iya rubuta layi uku na Hausa da ƙa'ida ba. Su yi gyara, amma su bar yaro ya kai aya tukuna.

Naka mai biyayya bisa dole,
Wani malamin makaranta