Jakar da Kakan Bature Ya Ara

Kawuna ne ya haɗa ni da su, wai tunda ni ɗan cikin birni ne, kuma Turancina ba laifi. Mutum uku ne daga Amurka: wani tsohon soja mai tsawon tsiya, da matarsa, da 'yarsu. Kakansa ma soja ne, ya zauna a Kano a 1942, lokacin Yaƙin Hitila. A wancan zamani jiragen yaƙi kan taso daga Takoradi ta ƙasar Ghana, su yada zango a Kano da Maiduguri, su nufi Khartoum da Alƙahira, kuma Amurkawa na cikin masu kula da wannan hanya. A gidansu labarin ya zama gado: Kaka ya zauna a wani ɗan ƙauye mai ganuwa, inda kowa ya san kowa.

Ƙauye fa suka ce! Garin da Muhammadu Rumfa ya kafa wa kasuwar Kurmi kafin a ɗora tubali ɗaya a Washington. Na haɗiye, don baƙo ba a yi masa gardama da safe. Ban kuma gaya musu cewa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero Turawa a wajen badala suke kwana, can wajajen Nassarawa da Bompai ba. Kaka dai yawon Lahadi yake shigowa yi.

Abin da suka riƙo shi ne wani hoto da ya koɗe: Kaka da gajeren wando, riƙe da igiyar jaki a ƙofar wani zaure, ga kududdufi a gefe. Ƙofar suke nema. Muka sauka daga A Daidaita Sahu a bakin Kurmi, muka kutsa lunguna, yara na biye da mu suna "Bature! Bature!" Kududdufin kam an cike shi da shara tun tuni, an yi shaguna a kai. Sojan ya tsallake kwata lafiya, amma ƙofar zauren farko ta gaisa da goshinsa.

A nan muka tarar da wani dattijo a kan buzu, yana jan carbi. Na durƙusa, na gaishe shi, na miƙa hoton. Ya kai shi dab da hanci, ya daɗe yana dubawa.

"Baba, ka gane Baturen?"

"A'a, ɗana. Amma na gane jakar."

Na fassara rabin farko na yi shiru, sai matar ta matsa, na ƙarasa. Nan take ta fashe da kukan murna, 'yar ta ɗaga waya tana ɗauka.

Dattijo ya gyara zama. Ya ce jakar mahaifinsa ce, da ita ake ɗauko taki zuwa gona. Wani Bature ya are ta zai hau zuwa Dala, kuma har mahaifin ya koma ga Allah ba a ga ko wutsiyarta ba. Kuɗinta a lokacin sule kaɗan ne, in ji shi, amma ai mace ce. Ya koma kan carbin nan, ya fara lissafin haihuwa: 'ya'yanta, jikokinta, tattaɓa-kunnenta, shekara tamanin da ɗoriya. Bai yarda ko ɗaya ya mutu ba. Kafin ya kai 1960 garken ya cika Fagge.

Sojan ya tambaye ni me ake cewa. Na ce Baba yana yi wa Kaka addu'a ne. Ya dafe ƙirji, ya sunkuyar da kai.

Labari ya zaga unguwa. Wani tsoho ya iso da sanda, ya ce ƙarya ne, jakar kawunsa ce, ga ma tabon nan a kunne. Wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida cewa akwai kuɗin fura da nono da Baturen bai biya uwarta ba. Bakano yana iya manta ranar haihuwarsa, amma ba ya manta bashi, ko da ba shi ake bi ba.

Aka kira mai unguwa. Ya saurari kowa, ya shafa gemu, ya yanke hukunci cewa abin kunya ne a bi baƙo bashi a garin Dabo. Na ce, "Allah ya ja zamaninka, gaskiya ne." Sai ya ƙara da cewa wanda ya kawo baƙo shi ne mai lamuninsa.

Ni na sayi goron dattawa biyu, na biya furar 1942 da farashin bana, na sallami yaran da suka yi rakiya. Su kuwa baƙin sun koma Amurka suna shaida wa dangi cewa har yau ƙauyen bai manta da Kaka ba. Kawu ya ce wani iyalin na tafe da hoton kakansu a kan raƙumi. Mai neman aikin tafinta ya same shi, ni ina da uzuri.