Ɗori Kan Ɗori a Jalingo

Mutumin Gembu da ke saman tsaunin Mambila yana da hujjar saka riga uku, sanyi ne ya tilasta masa. To mu 'yan Jalingo fa, a watan Maris, zafi na neman digiri 40, wa ya aike mu?

Je wurin ɗaurin aure ka sha kallo. Alhaji ya saka singileti, ya ɗora 'yar ciki, ya ɗora kaftani, sannan ya jibga babbar rigar shadda da ta sha sitaci. Gumi na bin gemunsa har ƙirji. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ya zafi?" Sai ya goge goshi ya ce, "Lokacinsa ne."

A cikin gida kuwa mai kwalliya ta kama amarya tun hantsi. Hoda kan hoda, gashin ido kan gashin ido, ga gwaggoro hawa uku. Da aka fito da ita, gwaggonta da ta goye ta ce ta fara tambaya, "Wai ina amaryar?"

Ko katin gayyatar bai tsira ba. Alhaji Dokta Injiniya Honorabul Kwamared, sai a layi na uku ka tsinci sunan da aka yanka wa mutum rago.

Idan an tashi, ka tari Keke Napep daga Mile Six zuwa Roadblock. Huɗu a baya, biyu a gefen direba, buhun masara a kan cinyar kowa, doya a ƙarƙashin ƙafa. Direba ya hango wani fasinja, ya waiwaya ya ce, "Hajiya, ɗan gyara mana, ai akwai wuri." Irin wannan ɗorin ne ke kai mutum gidan mai ɗori.

Gwanayen sana'ar dai su ne 'yan siyasa. Tun da aka ƙirƙiri Taraba a 1991 bangon garin nan bai huta ba. Ɓare fastar 2023, ta 2019 na ƙasa. Ɓare wannan ma, ga ta 2015. Fuska da hula ne ke sauyawa, alkawarin ruwa da hanya na nan inda aka bar shi.

Jama'a, yawan lodi bai taɓa ƙara wa jaki daraja ba. Alhaji, rage riga ɗaya, ba mai ƙwace maka sarauta. Direba, kai ma sauke mutum biyu, gobe ma rana ce.