Zuwa Ga Amaryata Ta Ƙofar Sauri, Daga Tsibirin Man

Dagilas, Tsibirin Man,
24 ga Agusta.

Hajiya Kaka, uwargida kuma amarya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ƙafa, ya damina, ya kuma haƙurin rashina? Na san Auta ne zai karanta maki wannan takarda. Kai Auta, ka ɗaga murya, ka san amaryar tawa kunnenta ba ya buɗewa sai an ambaci goro ko kuɗin cefane.

Saƙonki ya iso. An ce kin yi fushi, wai kin ce a turo maki hoton mijinki sai aka turo maki rago. Kin kuma ce a tambaye ni, wannan tsibiri na Man, man mi ne, na gyaɗa ko na shanu? To gyara zama ki sha labari.

Ba man komi ba ne, suna ne kawai, kamar yadda ba kowa ke sauri a Ƙofar Sauri ba, ga ki nan shaida. 'Yar ƙasa ce a tsakiyar teku, tsakanin Ingila da Ailan. Daga Libaful sai da muka yi kusan awa uku a jirgin ruwa, abincin da na ci a Ingila kuwa a hanya na yi wa kifaye sadaka da shi. Tsawon tsibirin duka bai kai daga Katsina zuwa Daura ba, mutanensa a ƙidayar 2021 dubu 84 ne da 'yan kai. Amma kada ki raina su, suna da majalisarsu da suke cewa ta haura shekara dubu, da takardun kuɗinsu, da tutarsu. Tutar ce abin kallo: ƙafafu uku haɗe a cinya, ba kai ba gangar jiki. Ranar da na sauka na ɗaga ido na gan ta, na ce shi ke nan, yau na shiga uku da ƙafata.

Kin san aikina kula da tsofaffi ne. Na baro guda a gida, Allah ya haɗa ni da ashirin, duk kishiyoyinki, sai dai ba wadda ta kama ƙafarki a rigima. Wata abokiyar aikina ta ga kullum daga aiki sai ɗaki, ta ce in shiga ƙungiyarsu ta masu ɗaukar hoto. Ba mai biyan su ko sisi, sha'awa ce kawai. Yawancinsu 'yan fansho ne, akwai tsohon malamin makaranta, akwai wanda ya ƙare aikin raba wasiƙu. Da sanyi suna taruwa a ɗaki su baje hotuna ana ba da maki. In rana ta fara tsawo kuma sai fita duk mako, yau bakin teku, wani makon ƙauye, na gaba wani kango.

Ni da na ji an ce hoto, ai sai na yi shiri irin na gida. Na fito da shaddar nan da Kawu ya ɗinka mani, na ɗora babbar riga, na karya hular zanna, na yi wanka da turare. Muka haɗu a Pil, garin masunta da ke yammacin tsibirin. Ina isa na tarar da kowa cikin rigar ruwa da takalmin shiga taɓo, kamar masu zuwa yashe rijiya. Kowane da kyamara mai dogon baki kamar kakakin Sarki, da sandar ɗora ta, ita ma ƙafa uku. Na tsaya inda haske ya fi kyau, na gyara hannun riga, na ɗaure fuska ina jira. Hajiya, ko kallo ban ishe su ba. Shugabanmu, wani dattijo da na laƙaba wa Sarkin Hoto, ya kwanta rub da ciki a kan jiƙaƙƙen dutse, ya yi rabin awa yana ɗaukar wata tsohuwar sarƙar jirgi da tsatsa ta cinye. Sarƙar da ko 'yan gwangwan sai sun yi maki ciniki kafin su ɗauka.

Can sai iskar teku ta taso. Ta shiga cikin babbar rigata ta hura ni kamar salka, ta fizge hular ta yi sama da ita. A nan ne fa kyamarori goma sha biyu suka juyo gaba ɗaya, ƙyas ƙyas ƙyas. Hular suka ɗauka tana shawagi, ni ɗan yatsana kawai ya fito a gefe. Ki gaya wa Kawu hularsa ta nufi Ailan, kuma ba da biza ta tafi ba.

Wannan fa shi ne lokacin da suke kira na zafi. In awo ya kai 18 sai ki ji suna kukan rana ta yi yawa, su tuɓe su faɗa ruwa, ni kuwa ina gefe haƙora na kaɗa kalangu. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare. Magariba ke nan, Lisha ta doshi tsakar dare, kafin ka juya haƙarƙari asuba ta yi. Su kuma faɗuwar ranar suke jira. Na ce wa Sarkin Hoto mu ɗauka mu tafi mana, ya ce haske bai nuna ba tukuna, sai ka ce mangwaro. Suna da wata magana da harshensu mai nufin akwai lokaci, ba gaggawa. Ɗan Ƙofar Sauri a garin masu nawa. Amma da ranar ta sauka bayan ganuwar tsohuwar fadar Pil, jan dutsen ya kama kamar garwashi, ruwan ya koma kalar manja, na yarda dattijon ya san abin da yake jira. Sun ce a wannan fadar akwai wani baƙin kare na aljanu da ya taɓa firgita masu gadi. Ban tsaya neman hotonsa ba. Na sayi bandar kifi, don garin ya yi suna a kanta, ina kai loma ta biyu wani farin tsuntsun teku ya sure sauran. Shirwar gidanmu dai tana jin kunya, sai ka juya baya take ɗauka.

Sauran fitar ba zan cika ki da su ba. Mun je Laksi, inda suke da wani jan gargare da aka kafa a 1854 don janye ruwa daga ramin haƙar dalma. Tsayinsa ƙafa 72 da rabi, ruwa ne ke juya shi, har yau yana juyawa ko da yake an daɗe da rufe ramin. Mun hau Sinefel, dutsen da ya fi kowane tsawo, mita 620, a jirgin lantarki da ke hawansa tun 1895. Aka ce daga ƙolinsa ana hango Ingila da Sikotlan da Wales da Ailan. Muna isa hazo ya rufe, hoton da na ɗauko fari fat, kamar na leƙa ƙwaryar nono. Na kuma je kallon tserensu na babura da suke yi tun 1907, a kan titin gari, gudun da ke wuce kilomita 200 a awa. Na ɗauki hoto talatin, duka titi ne da shinge, ba babur ko ɗaya. Ki ce wa 'yan acaɓar unguwarmu su daina cika baki.

Sai batun camfi, a nan kam kin samu 'yan uwa. A hanyar kudu akwai wata 'yar gada da suke cewa ta mutanen ɓoye ce, duk wanda ya zo wucewa sai ya gaishe su. Muna cikin bas na ji kowa ya ɗaga hannu yana sannu da hutawa. Na tambaya, aka ce aljanu ake gaisarwa. Na kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Tsohuwar da ke kusa da ni ta dafa ni ta ce madalla, ashe da harshenmu gaisuwar ta fi tsawo. Sannan ba a ambatar ɓera da sunansa, sai dai a ce mai doguwar wutsiya. Ranar da bakina ya suɓuce na faɗa, wata ta yi fito, wani ya taɓa katako. Sai na tuna yadda kike make mana baki in mun ambaci maciji da dare, ki ce igiyar ƙasa ake cewa. Ga kuma kyanwarsu, da yawa haka ake haifarsu ba wutsiya. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya ka nemi tsumma ka ɗaura. To nan ɓera ke da doguwa, kyanwa ba ta da ko guntuwa, na rasa wanda zan yi koyi da shi.

Yanzu ga maganar ragon da ya jawo mani fushinki. A Kiregnesh na ɗauke shi, wani ƙauye a kudancin tsibirin da suka bari yadda yake tun zamanin kakanninsu, ɗakunan dutse masu farar ƙasa da jinkar ciyawa an ɗaure ta da igiya saboda iska. Tun 1938 suka fara mai da shi gidan tarihi. Mu da muke gudun jinka muna neman kwano, su kuɗi ake biya a shiga kallonta. Ragon kuwa ki sa Auta ya buɗe maki hoton ki ƙirga da kyau, ƙaho huɗu ne, biyu sun miƙe sama, biyu sun lanƙwaso gefen kunne, wani ma har shida yake yi. Gashinsa kalar ƙasa. Awa guda na yi tsugune cikin kashin tumaki kafin ya yarda ya dube ni. A tambayar mani Malam ko ya halatta a yi layya da shi, in ya halatta kuma ko ladan ninki biyu ne. Na san dai da zai shiga kasuwar Charanci, ranar ba mai sayar da akuya.

A ƙauyen nan ne aka ba ni labarin wani masunci, Ned Maddrell, wanda ya tashi a can. Shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka buɗi baki da harshen tsibirin, ya rasu a 1974. Allah ya sa tun a 1948 an zo da na'ura an naɗi muryarsa da ta sauran tsofaffi. Da wannan naɗin aka yi ta koyo, yau har makarantar firamare gare su da ake karatu da harshen zalla. Ina jin haka na tuna da ke, ban dai faɗa wa kowa ba.

Abin da ya ƙarasa kashe mani jiki ya faru makon jiya. Bayan fita muna shan shayi, sai suka ce in nuna masu garinmu. Na gyara murya na fara: hasumiyar Gobarau da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, tsohuwar kwalejin 1922 inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, Ƙofar 'Yanɗaka da Lugga ya shigo ta cikinta a 1903, hawan Sallah. Sarkin Hoto ya matso da kujera ya ce, mu gani. Na buɗe waya. Hajiya, hoto ya fi ɗari huɗu: ni jingine da motar da ba tawa ba, ni a bikin abokina, ni da kwanon tsire, ni dai ni dai. Gobarau ko ɗaya babu. Tsohuwar nan ta bas ta ce, to ƙofar unguwarku fa, ta ina take? Na laluba na samo guda, ƙofar ta fito rabi a bayan kunnena. Shekara ashirin da bakwai ina bi ta cikinta safe da yamma. Na ce masu caji ya kusa ƙarewa.

Don haka ga aike, kuma na haɗo da kuɗin mai. Kai Auta, ajiye takardar ka saurara. Ka ɗauki wayar da na turo maka, ka fita da hantsi ko bayan La'asar, lokacin da haske ya nuna. Ka ɗauko mani ƙofar gaba da baya, da duk guntun ganuwar da masu ɗibar ƙasa suka rage, da Gobarau, da zauren gidanmu kafin Kawu ya cika alkawarinsa na rushe shi ya yi shago. Ka ɗauko mai waina ta bakin layi da tandarta, da maƙerin da ke bayan masallaci. In na ga fuskarka a ko ɗaya, ba kai ba takalmin ƙwallo.

Ke kuma amarya, hotonki ɗaya tak gare mu, na fasfon Makka, wanda kika ɗaure fuska kamar an ci maki bashi. Ki sa zanen nan saƙi da kike ɓoyo a ƙasan adaka, ki zauna gindin darbejiya Auta ya ɗauke ki. Sannan ya kunna naɗin murya ki ba shi labarin da kike ba mu, yadda ganuwa take kina yarinya, da hawan Sarki Usman Nagogo da kika ce kin kalla daga kan katanga har kika faɗo. In kin ce ba ki so, na sani, kuɗin goro ne bai kai ba, an ƙara. In kuma kin ƙi, akwai ashirin a nan da ke jiran in ce ina so, ɗaya ma har haƙoranta na cirewa ne, ba ta cin goro.

Ki gaida Inna da Baba, da Kawu tare da ba shi haƙurin hula, da Malam, da duk mutanen layinmu. A sa ni a addu'a. Hotona na gaskiya yana cikin ambulan, wanda ke sanye da hular sanyi ne ni, mai ƙahon shi ne ragon.

Wassalam.

Naki har kullum,
Jikanki, maigidan da ba ya ba da cefane.