Nasiha Ga Wanda Ciwon Kyamara Ya Kama

Ya kai ɗan'uwa wanda Allah Ya jarrabce shi da son ɗaukar hoto, har ya kwashe adashin shekara, ko ya sayar da ragon da ake kiwo domin layya, ya sayo kyamarar nan ta zamani wadda babu madubi a cikinta, ka sani cewa ciwon da ya same ka ba ya kisa, amma yana cin aljihu ƙwarai da gaske, kuma tun da yake ba a cika samun wanda ya warke daga gare shi ba, abin da ya wajaba a kan masu ƙaunarka shi ne su koya maka yadda za ka zauna da shi lafiya.

Da farko ka san asalin abin da ke hannunka, domin ka girmama shi. Malam Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, shi ne ya tabbatar a cikin Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shiga ido, ya kuma gwada yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya faɗa a bangon ɗaki mai duhu; to, kowace kyamara a duniya wannan ɗakin ce, an dai ƙanƙanta ta ne yadda za a iya rataya ta a wuya. Manyan kyamarori na da suna da madubi a ciki, wanda ke karkatar da haske zuwa tagar da kake leƙawa, in ka latsa sai ya ɗaga ya ba haske hanya. Kamfanin Panasonic ya fitar da Lumix G1 babu madubin a 2008, Sony ya biyo da A7 mai babban farantin karɓar haske a 2013, Canon da Nikon kuma suka shigo da nasu manyan a 2018. Wannan tarihi ba zai fisshe ka ba ranar da uwargida ta tambayi kuɗin kyamara. A ranar ka faɗi gaskiya ba tare da rage ko sisi ba, sannan ka zaunar da ita a bakin ƙofa da hantsi ka ɗauke ta hoton da ba a taɓa yi mata irinsa ba, domin shi ne kaffarar da aka fi karɓa.

Za ka tarar ma'abota wannan fanni sun rabu mazhaba-mazhaba, akwai 'yan Canon, akwai 'yan Nikon, ga 'yan Sony masu yawan hujja, ga kuma 'yan Fujifilm waɗanda ba su da zance sai na launi, kowanne yana da dalilai da ruwayoyi, kuma suna iya kwana suna jayayya alhali babu wanda ya ɗauki ko hoton akuya. Fatawata a nan gajeriya ce: wadda ka riga ka saya ta wadatar. Inda fitina take shi ne wajen idon kyamara, wato gilashin nan da ake ɗaurawa a cirewa, domin zuciya za ta riƙa raya maka cewa abin da ya hana hotonka kyau shi ne rashin wani ido mai tsawon zira'i, in ka saye shi kuma ta ce saura mai faɗi. Ka nemi ido guda mai milimita 50 da ƙofar haske f/1.8, wanda galibi yake cikin mafi araha, ko mai 35 idan farantin kyamararka ƙarami ne, ka lazimce shi wata shida cur. Ba ya jawo abu kusa, saboda haka ƙafarka ce za ta yi tafiyar, kuma a cikin wannan tafiya ne za ka koyi yin sallama, da gaisuwa, da neman izini kafin ka ɗaga kyamara a fuskar dattijo a kasuwa. Saidu Keita na Bamako, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, a tsakar gida yake aiki da hasken rana da zane mai ado a rataye a bango, galibi kuma sau ɗaya tak yake latsawa ga kowane mai zuwa, ga shi yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana zane na Turai da Amurka.

Sai babin ƙura, wanda ya kamata a yi masa karatu na musamman a ƙasarmu. Da aka cire madubi, farantin karɓar haske ya zauna kusa da baki, a galibin kyamarorin kuma da zarar ka cire ido sai ka gan shi fili yana ƙyalli, babu shamaki tsakaninsa da hazon hunturu. Wanda ya tsaya a tsakiyar fili cikin watan Janairu, iska na kaɗawa, ya buɗe kyamararsa yana laluben jaka, zai koma gida ya ga sararin samaniya a hotunansa ya cika da ɗige-ɗige, ya ɗauka shirwa ce ke shawagi, sai ya lura shirwar ba ta gusa daga wuri guda a hoto ɗari. Saboda haka ka kashe kyamara tukuna, ka shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakinta ƙasa, ka sauya ido cikin hanzari. In ƙurar ta riga ta shiga, akwai 'yar roba mai hura iska da ake sayarwa domin wannan aiki. Da ita za ka hura, kyamarar na kife. Haramun ne a wannan fanni ka hura da bakinka, musamman bayan cin goro, haka nan gefen babbar riga da bakin rawani ba su halatta ba ko da sababbi ne.

Batir kuwa, tun da tagar leƙen ma ƙaramin allo ne mai cin wuta, ka riƙe biyu ko uku, ka cika su duk sa'ad da aka kawo wuta, ko da tsakar dare ne.

Game da haske, ka ɗauki hantsi da la'asar sakaliya su zama abokanka, ka bar tsakar rana ga masu shanya, domin rana in tana tsaka sai ta zuba inuwa a kwarmin ido, ta mai da ango abin tausayi. Idan Allah Ya kai ka Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ka sa saurin ƙiftawar kyamara ya kai ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa kafin mahaya su zaburo domin jahi, in ba haka ba za ka samu ƙura da wutsiya, dokin kuwa ya wuce; kuma kada daɗin leƙe ya mantar da kai cewa abin da kake gani a tagar yana tahowa ne da kofato huɗu. Akwai kuma mas'alar farar riga. Ma'aunin hasken kyamara yana son ya mai da kome tsaka-tsaki, to idan ya ga farar shadda ta cika fili sai ya rage haske, fuskar mai rigar ta nutse cikin duhu. Falalar marar madubi ita ce tana nuna maka wannan tun kafin ka latsa, sai ka ƙara haske kaɗan-kaɗan har fuska ta fito, ka tsaya kafin aikin allurar da ke wuyan rigar ya ɓace.

Yanzu mun iso wurin da na fi damuwa da shi, wato gyaran hoto a kwamfuta. Ka riƙa ɗauka a tsarin RAW, wanda ke adana duk abin da farantin ya karɓa, domin ya fi JPEG karɓar gyara, sannan ka buɗe shi a Lightroom, ko a Darktable wanda kyauta ne. Za ka ga 'yan maɓallai da ake ja dama da hagu, kuma Shaiɗan yana zaune a ƙarshen dama na kowannensu. Ɗan koyo yakan ja na launi har ganyen darbejiya ya yi koren da ba a taɓa halitta ba, jar hula ta kama da wuta, ya ja na gogewa har fuskar amarya ta koma sumul kamar malmalar tuwo, babu ramin gashi, babu tsagar gado, uwar da ta haife ta ma sai ta tambaya wace ce. Ka ja maɓalli har inda ya yi maka daɗi, sannan ka mai da shi rabi, ka tashi ka sha ruwa, ka dawo ka sake dubawa. Za a zo maka da roƙo iri-iri, wannan ta ce a ɗan haskaka ta, wancan ya ce a rage masa tumbi. Ƙurjin da ya fito jiya zai baje jibi, babu laifi ka goge shi. Amma launin fata amana ce a hannunka, kuma ina roƙonka da girman zumunci kada ka mai da baƙar mace fara, domin jikokinta za su nemi kakarsu a wannan hoto wata rana, kuma haƙƙinsu ne su same ta da kamanninta, da tsagarta, da wushiryarta. Baƙar fata in ta samu haske mai taushi daga gefe, ta taga ko bakin zaure, tana da sheƙin da babu maɓallin da zai ƙirƙiro shi.

Daga ranar da dangi suka gan ka da kyamara, ka zama mai hoton kowane suna da kowane ɗaurin aure har abin da hali ya yi, ladanka kuwa shinkafa da addu'a, kuma tun ba ka kai gida ba Goggo za ta aiko a tambaya ina hotuna. Ka karɓi wannan muƙami hannu bibbiyu, domin babu makarantar da ta fi shi. Sai dai ka zaɓi 20 mafi kyau daga cikin ɗaruruwan da ka ɗauka, ka ɓoye sauran, musamman wanda aka kama Kawu da loma a baki. In za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil, don kada ya matse hoton ya zubar da wahalarka. Ka ajiye kwafi a wuri biyu, tun da katin ajiya ba ya sallama in zai mutu. Na tsofaffin gida kuma ka kai a wanke a takarda, ka kai musu da hannunka, saboda Goggo ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba sai ta riƙe shi ta sa a ƙarƙashin murfin akwatinta.