Masu Lambun Gida: Bazara Ce Alƙali

Da damina kowa manomi ne. Daga Yuni zuwa Satumba, ko ƙwallon mangwaro yaro ya jefar a bayan ɗaki sai ya tsiro, maigida kuma ya riƙa nuna wa baƙi da alfahari. Shi ya sa ba a tantance masu lambun gida da abin da suka shuka, sai da halin da suke shiga in Afrilu ya kama, rijiya ta ja baya, 'yan garuwa suka tsauwala wa jarka kuɗi.

Alhajin unguwar masu hali bai san bazara ba. Yana da burtsatse, yana da yaron da ke ban ruwa safe da yamma, ga ciyawa shimfiɗe luf da furannin da bai san sunan ko ɗaya ba. Hannunsa bai taɓa ƙasa ba, amma "lambuna" ba ya barin bakinsa. Ɗan zamani kuwa a Facebook ya ga ana noman doya da tumatir a buhun siminti, ya jera buhuna har bakin ƙofa, ya watsa hotuna ranar da tsiro ya leƙo. Daga nan shiru. Kada ka tambaye shi, buhunan na nan cike da busasshiyar ƙasa. Akwai mai magani, wanda tun da shugaban Madagaska ya tallata ruwan tazargade a 2020 ya cika gida da ita, ko ciwon ƙafa ka ambata sai ya tsinko maka. Sai ɗan fansho, wanda ruwa bai dame shi kamar awakin maƙwabta ba. Ya yi danga, ya zuba ƙaya, ya lulluɓe yakuwarsa da tsohon gidan sauro, kuma akuya ɗaya ta raba shi da gaisuwar rabin layi.

Wani zai ce dukansu sun yi dabara, suna rage kuɗin cefane, ya kawo shekarar 2016 da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har kwando ya gagari talaka. To, ba kullum ake kwana a gado ba. In aka lissafa kuɗin ruwan wata uku da na taki, tumatir ɗin kasuwar 'Yankaba ya fi na buhu araha.

Mutum ɗaya ce lissafin bai kayar ba: Inna. Zogalenta a bakin makwarara yake, yana shan ruwan alwala da na wankin shinkafa, takinsa toka da kashin kaji. Ga lalle a kusurwa, ga rama. Ba ta taɓa kiran wurin lambu ba, amma a tsakiyar zafi ita ke aika wa maƙwabta kwaɗo. Masu cewa nata larura ce ba sha'awa ba, su gwada karya reshe ɗaya ba da izininta ba, ko da jikan da ta fi so ne.